Hubert Dilger: Bajamushen da ya riƙe hanya da igwa ɗaya

Tambaya: Malam, na ji ana cewa a yaƙin basasar Amurka har da baƙi 'yan ci-rani aka ba jagorancin manyan bindigogi. Da gaske ne? In haka ne, wane matsayi suka kai?

Amsa: Gaskiya ne, ɗan'uwa. Jamusawa kaɗai kusan 200,000 ne suka yi wa ɓangaren Arewacin Amurka yaƙi da na Kudu tsakanin 1861 da 1865. Wanda na fi so in ba ka labarinsa shi ne Hubert Dilger, haifaffen garin Engen a ƙasar Baden, cikin Jamus ta yau, a 1836. Ya koyi aikin igwa a makarantar soja ta Karlsruhe, ya yi laftanar a gida, da yaƙi ya ɓarke sai ya tsallaka teku. Aka ba shi kyaftin na wani rukunin igwa daga jihar Ohio. Sojoji suna kiransa "mai wandon fata", don wandon da yake sawa ke nan.

Ranarsa ita ce 2 ga Mayu 1863 a yaƙin Chancellorsville, a jihar Virginia. Da yamma dakarun Janar Jackson na Kudu suka ɓullo daga daji ta gefe, suka afka wa Runduna ta 11 ta Arewa, rundunar su Dilger, wadda Jamusawa suka yi yawa a cikinta. Kowa ya yi ta kansa. Dilger ya tsaya yana ɓarin wuta har abokan gaba suka kusa cim masa, aka harbe dokinsa, sannan ya sallami sauran bindigogin ya rage da guda ɗaya a kan titi. Ya harba, a ja ta baya kaɗan, ya sake harbawa. Da haka masu gudu suka samu sararin tsira. Jaridun lokacin kuwa kuɗin goro suka yi wa Jamusawa, wai matsorata ne.

Batun matsayi, nan ne abin takaici. Ya yi yaƙin Gettysburg, ya yi yaƙin kama Atlanta a 1864, amma kyaftin ɗin dai. A ganina, ban da ƙyamar baƙi, tsarin ma ya cuce shi: a ɓangaren igwa muƙamai sama da kyaftin kaɗan ne, mai son girma sai ya koma sojan ƙasa. Lambar yabo mafi girma ta sojan Amurka sai a 1893 aka ba shi, shekara 30 bayan aikin. Ya rasu a Virginia a 1911.