NULL ɗin getgrnam fuska biyu gare shi

Ka ce manhajarka lafiya lau take a kwamfutarka, amma da ta hau sabar mutane ta zo neman rukunin mai amfani sai ta mutu. Kai yaro, ko ban duba ba na san ciwon. Ka kira getgrnam, aikin da ke nemo bayanin rukuni da sunansa a yaren C, ka kai hannu kan gr_gid, wato lambar rukunin, ba ka tsaya ka ga abin da ta miƙo maka ba. Rukunin yana cikin /etc/group ɗinka, fayil ɗin jerin rukunai, a nasu babu shi, ta ba ka NULL, wato manuni marar nuna komai, SIGSEGV ya biyo baya, siginar da ke kashe manhaja in ta taɓa ma'adanar da ba a ba ta ba. Sa sharaɗi kafin ka taɓa manuni kuwa, wannan ba zan ɓata yawuna a kai ba.

Abin da ya ci ni daban ne. Na taɓa yi wa wani kamfani manhajar raba izini, kuma na duba NULL ɗin sarai. Sai dai na ɗauka ma'anarsa ɗaya ce, wato babu rukunin. Ashe ko an kasa tambayowa ma NULL take dawowa da shi. Rukunansu a LDAP suke, wato a wata saba daban da ake tambaya ta hanyar sadarwa. Wani dare ma'aikacinsu ya kashe sabar na 'yan mintoci, manhajata ta tambaya ta ji shiru, ta yanke cewa rukunin masu lissafi ya daina wanzuwa, ta bi ta kwashe musu izini kaf. Gari ya waye ranar biyan albashi, ba mai iya buɗe fayil ko ɗaya.

Kwana biyu ban runtsa ba ina mayarwa. Da na gama, manajan ya dube ni ya ce rabin kuɗina da ya rage ya tafi a diyya. Wanda ya kashe sabar ko tambayarsa ba a yi ba! Kuma shekaru suka yi suna morar manhajar nan. Har yau in na tuna sai raina ya ɓaci.

Saboda haka ka mayar da errno, wurin da ake ajiye lambar kuskure, sifili kafin kira, ka duba shi bayan kira. Gara ma ka koma getgrnam_r, 'yar'uwarta da ke dawo da lambar kuskure kai tsaye: in ta dawo da 0 kuma sakamakon NULL ne, babu rukunin, in ERANGE ce, wurin ajiyar da ka ba ta ya yi kaɗan, ka ƙara ka sake kira. Sauran kurakurai kuma, manhaja ta tsaya ta yi ƙara, kada ta yanke hukunci.

Ku 'yan yanzu sai kwafo daga intanet, shafin man, littafin jagorar da ke cikin injin, ko buɗe shi ba kwa yi. Je ka goge rukunin a injin gwaji, ka kashe LDAP, ka gudanar da ita, sannan ka dawo mu yi magana.