Kyamarori uku sun ƙone, kuma kana son buɗe harkar saka su

Wani mai sayar da atamfa a Kantin Kwari ya aiko da tambaya. Ya sayi kyamarorin tsaro takwas masu aiki ta kebul ɗin intanet, ya ba ɗan yayarsa aikin haɗa su a shago da sito. Uku sun ƙone ranar da aka kunna su, sauran suna ɗaukewa da dare, mai sayarwa kuma ya ƙi musanyawa. Duk da haka yana so ya ji ko ya zuba jari su buɗe harkar saka kyamara shi da yaron, domin ya ji ana samun kuɗi a cikinta da wuri.

Alhaji, kuskurenka guda ɗaya ne: ka damƙa kayan dukiya a hannun yaro don ɗan 'yar'uwarka ne, ba don ka ga aikin da ya taɓa yi ba. Da baƙo ne da ka tsare shi da tambayoyi, ka nemi rasit, ka riƙe cikon kuɗinsa sai aiki ya tabbata, amma nauyin yayarka ya hana ka buɗe baki.

Ga abin da ya kamata ya sani kafin ya taɓa kwalin. Tsarin tura wuta ta kebul ɗin intanet, wanda ake kira PoE, iri biyu ne a kasuwa. Mai bin ƙa'ida, kamar 802.3af na 2003 da 802.3at na 2009, yana aiki a kan volt 48 ko sama kaɗan, kuma ba ya sakin wuta sai ya gwada na'urar da ke ƙarshen kebul ya tabbatar an ƙera ta don karɓa. Ɗaya irin, injekta (na'urar da ke tura wuta cikin kebul) mai araha ta volt 24 ko 48, ba ta gwada komai, da an jona ta sai wuta kawai. Kyamarar da aka rubuta mata volt 12 kaɗai, idan irin wannan wutar ta kai gare ta ba tare da abin rage ƙarfi ba, nan take za ta ƙone, kuma garanti ba ya ɗaukar irin wannan ɓarna. Zatona shi ne abin da ya sami ukunka ke nan, kuma rubutun da ke jikin kyamarar da na jikin injektar sun isa su raba gardama.

Ɗaukewar dare kuwa lissafi ne. Ƙa'idar 802.3af tana kai wa kyamara kusan wat 13, 802.3at kuma wat 25 da rabi, sai dai kowace na'urar rarraba layi tana da jimillar wat ɗin da ba ta wucewa, kyamara kuma tana ƙara shan wuta idan fitilunta na ganin dare suka kama. A ƙara da kebul ɗin alminiyom da aka shafa wa tagulla, wanda wuta ke raunana a cikinsa tun kafin a kai iyakar tsawon kebul ta mita 100. Na san mai sito da ya yi wannan tsumulmular a kan kebul. Kyamarorinsa lafiya lau da rana, amma daren da aka fasa ƙofar baya babu hoto ko ɗaya. Araha ba ta ado.

Maganar jari kuma ka ajiye ta tukuna. Wanda ya ce maka ana kuɗancewa da wuri bai gaya maka cewa mai saka kyamara shi ke biyan duk wadda ta ƙone a gidan mutane ba, kuma guda ɗaya tana iya cinye ribar aikin gaba ɗaya. Ka nemi ma'aikacin da zai kai ka wuraren da ya yi aiki ka gani da idonka, ya rubuta maka volt da wat na kowace kyamara da irin kebul ɗin da zai saka, ka riƙe kashi ɗaya cikin uku na kuɗinsa sai kyamarorin sun kwana bakwai ba su ɗauke ba. Yaron kuma ka roƙi ma'aikacin ya ɗauke shi almajiri, ka gaya wa yayarka da bakinka cewa koyon sana'a ka tura shi, sannan bayan shekara mu sake duba batun jarin.