'Yan Ariya baƙi ne a Indiya ko 'yan ƙasa?

Tambaya: Malam, na karanta cewa wasu mutane da ake kira Ariya sun shigo Indiya da yaƙi suka rushe tsoffin biranenta. Sai kuma na ji wasu Indiyawa na cewa ƙarya ce Turawan mulkin mallaka suka ƙirƙira. Wanne zan kama?

Amsa: Kowanne da gyara a cikinsa. Shigowa an yi ta, amma ba runduna ce ta faɗo rana ɗaya ba. Makiyaya ne suka riƙa gangarowa kaɗan-kaɗan, tsakanin shekara ta 2000 zuwa 1500 kafin miladiyya.

Harshe ne ya fara tona asiri. A 1786, wani alƙali ɗan Ingila a Kalkata, William Jones, ya bayyana cewa Sanskirit, tsohon harshen Indiya, da Girkanci da Latin tushensu ɗaya. Uba a Sanskirit "pitar", a Latin "pater". Bakwai "sapta", can kuma "septem". Dangantaka ta tabbata, amma ba ta nuna wa ya tashi ya je ina ba.

Hujjar da ta fi ƙarfi ba a Indiya ma aka same ta ba. A arewacin Siriya an yi daular Mitanni, wadda ta ƙulla yarjejeniya da maƙwabtanta Hitiyawa a ƙarni na 14 kafin miladiyya. Cikin allolin da aka rantse da su akwai Mitra, Waruna, Indra da Nasatya, waɗanda duk suna cikin waƙoƙin Rigweda, littafin addini mafi tsufa a harshen Sanskirit. Wani mai horar da dawaki na Mitanni, Kikkuli, ya bar allunan koyarwa, yana ƙirga zagayen doki da "aika", "tera", "panza", "satta", wato ɗaya, uku, biyar, bakwai. Wanda ya saba kallon finafinan Indiya zai ji ƙamshin "panch" da "sat" a nan. Me ya kawo waɗannan kalmomi Siriya tare da sana'ar doki? Bayani mafi sauƙi shi ne ayari ya rabu a hanya, wani reshe ya yi yamma, wani kudu. Mafarin kuwa ana danganta shi da Sintashta, gabas da kudancin tsaunukan Ural a Rasha ta yau, inda aka tono kaburbura na wajen 2000 kafin miladiyya, an binne mutane da dawaki da keken yaƙi mai ƙafafu masu wayoyin katako.

Zancen rushe birane kuwa ya faɗi tuntuni. Mortimer Wheeler, masanin tonon kayan tarihi, shi ne ya ɗora laifin kan 'yan Ariya saboda ƙasusuwan da aka gani a Mohenjo-daro, ɗaya daga tsoffin biranen kwarin kogin Indus, amma a 1964 George Dales ya nuna ba lokaci guda mutanen suka mutu ba, kuma babu alamar an ci garin da yaƙi. Biranen kwarin Indus sun fara watsewa wajen 1900 kafin miladiyya, damina ta yi rauni, kogin Gaggar-Hakra ya ja baya.

A 2019 binciken ƙwayoyin gado ya shigo. An duba gawar wata mata daga Rakigari, birnin mutanen Indus, ba a sami gadon makiyayan arewa a jikinta ba. Kaburburan kwarin Suwat a Pakistan, na bayan 1200 kafin miladiyya, akwai shi. Wato a tsakani ya shigo. Sai dai gawa ɗaya ce tak daga Rakigari, domin zafin ƙasar yana lalata abin da ake awo da shi.

Masu cewa 'yan ƙasa ne suna da abin riƙewa. Rigweda ba ta ba da labarin wata ƙaura daga nesa ba, kuma tana yabon Saraswati a matsayin babban kogi, su kuwa sun ce Gaggar-Hakra ne kafin ya ƙafe. Suna kuma nuni da kekunan da aka tono a Sinauli a 2018, amma ƙafafunsu faifan katako ne cikakku, ba irin na Sintashta ba. A ganina hujjojinsu ba su warware batun Mitanni da na ƙwayoyin gado ba, kuma siyasar wane ne ɗan asali ta ƙara wa gardamar gishiri. Rubutun mutanen Indus har yau ba wanda ya iya karanta shi, don haka harshensu na nan a rufe.

Ka kiyaye abu ɗaya: "arya" suna ne da mutanen ke kiran kansu, mai nufin mai daraja, daga shi sunan Iran ya fito. Wasu marubutan Turai na ƙarni na 19 ne suka karkatar da shi ya koma launin fata, daga baya 'yan Nazi na Jamus suka ɗora a kai.