Amsa: Sabuwar hanya zuwa ƙololuwar Dutsen Shere

Ɗan'uwa, ka tambaya ko kai da abokanka za ku iya gwada sabuwar hanya zuwa saman Dutsen Shere a daminar nan ba tare da ɗan jagora ba. Don Allah kada ku yi.

Shere ba ƙaramin dutse ba ne. Ƙololuwarsa ta kai mita 1,829, babu inda ya fi ta tudu a duk yankin Jos, garin kansa kuwa bai wuce wajen mita 1,200 ba. Daga ƙasa sai ka ga kamar nan da can ne, amma da zarar kun shiga tsakanin duwatsun nan masu kama da juna, hanya ɓacewa take yi. Mu biyar muka taɓa hawa ta ɓangaren Lamingo a watan Agusta. Bayan azahar hadari ya haɗu, hazo ya rufe mu, dutse ya yi santsi kamar an shafa masa mai. Ɗayanmu ya gurɗe ƙafa, da tallafi muka sauko da shi, ana kiran magariba. Har yau in na tuna sai gabana ya faɗi.

Ku dakata zuwa Nuwamba, ruwa ya ɗauke. Ku nemi ɗan ƙauyukan gindin dutsen ya shige muku gaba, matambayi ba ya ɓata, kuma shi zai gaya muku halin tsaron wurin. Ku fita bayan asuba da takalmi mai kama ƙasa, ruwan sha isasshe da rigar sanyi, don iskar sama tana ratsa jiki. Ƙarfe biyu na yi, ko ba ku kai ƙololuwa ba, ku juyo.