Fayil Ya Fi Ƙarfin Kwamfutata, Sai Na Sayi Sabuwa?

Tambaya: Malam, ina aikin lissafi a wani kamfanin rarraba kaya. An turo mini fayil ɗin CSV (jadawalin bayanai da aka ajiye a matsayin rubutu zalla) mai gigabait 6, kwamfutata kuma RAM ɗinta (wurin da take ɗora abin da take aiki a kai nan take) gigabait 4 ne. Notepad ya ce fayil ɗin ya yi masa girma, wata manhajar da na gwada kuma ta sandarar da komai, ko linzami ba ya motsi. Mai gyara ya ce sai na sayi sabuwa. Haka ne? Mai karatu daga Funtuwa.

Amsa: Ɗan'uwa, riƙe kuɗinka tukuna. Laifin ba na kwamfutar ba ne, na manhajar ne.

Notepad yana kwaso fayil gaba ɗaya ya zuba a RAM kafin ya nuna maka ko layi ɗaya. Kamar a ce uwargida za ta yi tuwon dare, sai ta juye rumbu duka a kan faifai. Alhali fuskar kwamfutarka layi hamsin take ɗauka, ko ƙasa da haka. Manhaja mai wayo mudu ɗaya take ɗiba: ta karanto abin da kake kallo da ɗan abin da ke gabansa, sauran ta bar shi a ma'ajiya, wato inda fayiloli suke zaune a kwamfutar. Ka gangara, ta zubar da na baya ta ɗebo na gaba. Haka wata ƙaramar manhajar duba fayil mai suna less take yi tun shekarun 1980.

Karatu ke nan. Gyara shi ne mai wuya, domin harafi ɗaya da ka cusa a farko yana ture duk biliyoyin da ke bayansa. Dabarar da ta fi burge ni ita ce ta Bravo, manhajar da aka rubuta a Xerox PARC, cibiyar bincike ta kamfanin Xerox, a 1974, a kan na'urar da ko megabait ɗaya na RAM ba ta da shi. Ba a taɓa fayil na asali sam. Sabon rubutunka gefe ake ajiye shi, sai a riƙe ɗan jadawali mai cewa: ɗauko harafi na 1 zuwa na 5,000 daga asali, liƙa sabon rubutu, ci gaba daga na 5,001. Ka goge layi dubu, lambobi kawai aka canja a jadawalin. Charles Simonyi, ɗaya daga cikin marubuta Bravo, ya tafi da dabarar Microsoft, ta shiga Word.

To, aikinka. Kada ka gwada Excel: layi 1,048,576 ne iyakarsa, sauran ba zai ɗauka ba. Ni da kaina na taɓa haɗa jimilla a kan guntun fayil don na danne gargaɗin da Excel ya nuna ban karanta ba, na sha kunya. Saka Git Bash, manhajar da ake rubuta umarni a cikinta, kyauta ce. A ciki akwai less na dubawa, grep na tsamo layukan da kake nema, da split mai yanka fayil gunduwa-gunduwa, kowace layi miliyan ɗaya idan ka so. In gyaran kai tsaye ya zama dole, manhajar EmEditor don irin wannan aka yi ta.

Kafin ka danna ajiyewa, duba ma'ajiyarka. Yawanci sabon kwafi ake rubutawa kafin a cire tsohon, don haka ka tanadi sararin wasu gigabait 6, kuma ka jona caji.