Amsa: Da wane kayan shaidar doki zan fara?

Ɗan'uwa, tambayarka ita ce da ƙaramin jari ka fara saro faifan shaida na tagulla ko ƙwayar lantarki (microchip) mai ɗauke da lambar shaida, wadda ake dasa wa doki a wuya. Fara da faifan tagulla, ka haɗa da ragamar fata da ɗaurin ƙafa mai ƙyalli saboda masu kilisa da magariba a bakin titi. A sassaƙa sunan barga da lambar waya biyu da zurfi, domin gumi da ƙura na goge fenti. A kafe faifan a gefen ragama da ƙusa biyu, kada ya yi lilo, mai lilo shi ke maƙalewa a wayar shinge. Ragamar nailan zalla kuwa ka guje ta: in doki ya sarƙe ya fizga ba ta tsinkewa, wuyansa ke shan wahala. Kayanka su iso tun kafin hawan sallah.

Ƙwayar lantarki sai ka samu likitan dabbobi da za ku yi aiki tare, shi ke dasa ta a gefen hagu na wuya, tsakanin ƙeya da kafaɗa. Ka nemi mai jerin lambobi 15, mai bin ma'aunin ƙasa da ƙasa na ISO 11784, kuma ka mallaki na'urar karanta ta, in ba haka ba kuɗin mutane ka ɓata. Ka faɗa wa mai saye gaskiya tun farko: ƙwayar ba ta nuna inda doki yake, mai shi kawai take tabbatarwa idan an gan shi.