Amsoshin Tambayoyinku: Hutun Yara a Tsaunin Mambila

Wani magidanci daga Ƙofar Marusa, Katsina: Ina so in kai samarina uku Mambila da ke jihar Taraba a dogon hutu. An yi mini tallan wata bas 'yar Kwatano mai gado da murhun gas a ciki. In saya?

Alhaji, riƙe kuɗinka. Sau nawa za ka kwana a cikinta a shekara? In ta lalace a Bali ko Serti, wane bakanike zai samo maka kayanta? Ga kuma halin tsaro, wa zai kwana da iyalinsa a bakin titi yanzu? Ku ɗauki motar gida, ku yada zango a Gombe, ku sake kwana a Jalingo. Ban da tafiyar dare.

Ni taya ce damuwata. Mutum zai zuba kuɗi a mai da tsaraba, sannan ya je ya sayo tayar Beljiyam da aka shafe tana ƙyalli, wai ya sami araha. Duƙa ka duba gefenta, akwai lambobi huɗu. In ka ga 1519, an yi ta a mako na 15 na shekarar 2019, ta tsufa ko da zanenta na nan daram. Wani zanen ma da wuƙa aka ƙara shi. Daga Mayo Selbe hanya ke fara hawa, lanƙwasa bayan lanƙwasa, har sama da mita 1,500, kuma a watan Agusta ruwa ne da hazo. Man birki ma jabunsa ya cika kasuwa, ka sayo da kanka a wurin wanda ka sani, a zuba a gabanka. In za ku sauko, sa ƙaramar giya. Wanda ya danne birki tun daga sama, birkin zai yi zafi ya ƙi kamawa.

Wata uwa daga Daura: Ɗiyata na amai a mota, ina tsoron tafiyar nan.

Kwantar da hankalinki, Hajiya, ba ciwo ba ne. Ta zauna gaba, ta riƙa hangen nesa, ta ajiye waya. Kada ta cika ciki da maiƙo kafin ku tashi, ki riƙa ba ta 'yar citta tana tsotsa. Ki sa mata rigar sanyi a jaka, don daren Gembu, babban garin Mambila, ba irin na Daura ba ne.

Wani ɗan sakandare: Akwai sabis a can? In babu ba zan je ba.

A cikin gari akwai, a hanya yana ɗaukewa. In abin bai yi maka ba, zauna ka yi gadin gida.